IDAN GWAMNATI TA SALLAME KA, INA KA DOSA?

Muna farawa da sunan Allah, Mai juya dare da rana, Wanda mulkinSa ba shi da wa'adi. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, abin da ya sa na ɗauki alƙalami a wannan mako wani lissafi ne da na yi wa kaina. Na kama aikin koyar da Larabci ina saurayi, yau ga furfura ta mamaye gemu. Kwanan baya na buɗe akwati ina neman wata takarda, sai na ci karo da takardar ɗaukata aiki. Da na ƙirga, na ga shekarun da suka rage mini a bakin aiki ba su kai yatsun hannu ɗaya ba. Daren nan barci ya ƙaurace mini. Na yi ta tambayar kaina: ranar da aka miƙo mini takardar sallama, in gari ya waye ina zan dosa?

MAƘWABTA BIYU

A unguwarmu ta Yakasai, kamar sauran unguwannin cikin birnin Kano, safiya tana da tsarinta. Ana idar da sallar Asuba, 'yan kasuwa su soma shirin Rimi, da Kurmi, da Kantin Kwari. Ma'aikata su nufi Sakatariyar Audu Bako, ko makarantu, ko asibiti. Kafin hantsi ya dubi ludayi lungu ya yi tsit, ba kowa sai mata a cikin gida, da masu talla, da kuma dattawan da suka ajiye aiki, suna zaune bisa dakali da rediyo a kunne.

Cikin waɗannan dattawa akwai biyu da na daɗe ina lura da su, ba kuwa zan faɗi sunayensu ba domin kiyaye mutunci. Na farko babban ma'aikaci ne a zamaninsa, mai direba da masinja. Watan da ya ajiye aiki zaurensa bai rabu da baƙi ba. Kafin wata uku ƙafa ta ɗauke, wayarsa da ba ta hutawa ta koma sai ta wuni ba ta yi ƙara ba. Kullum ƙarfe bakwai na safe yakan yi wanka, ya sa babbar riga, ya karya hula, sa'an nan ya fito zaure ya zauna, ba inda za shi. Wata rana ya riƙe hannuna bayan La'asar ya ce, "Malam, wallahi ban san rana tana da tsawo haka ba." Cikin shekara biyu mutumin nan ya tsufa tsufan shekara goma, ya zama mai yawan faɗa da iyali, mai yawan ƙorafi a kan mutanen da suka manta da shi.

Na biyu akawu ne, bai taɓa hawa babbar kujera ba. Mako guda da ajiye aikinsa ya tafi wurin wani malami da bai kai shi shekaru ba, ya ce a soma masa daga Ahalari, domin ya gane cewa shekara 35 yana ta lissafin kuɗin hukuma amma bai san hukuncin ƙabli da ba'adi yadda ya kamata ba. Ya kuma karɓi littafin kuɗin masallacin lungunsu, wanda a da kullum rigima ake yi a kansa, ya shiga rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita, yana karanta wa jama'a duk ƙarshen wata. Rigima ta mutu. Yau in ka gan shi sai ka rantse bai kai shekarunsa ba. Fanshonsa bai kai rabin na wancan ba, amma ya fi shi kwanciyar rai nesa ba kusa ba.

To, na dubi mutanen nan biyu, na tuna maganar Hausawa cewa in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

SHEKARA SITTIN

Ƙa'idar aikin Gwamnati a Nijeriya ita ce ma'aikaci ya ajiye aiki in ya cika shekara 60 da haihuwa, ko shekara 35 yana aiki, duk wadda ta riga zuwa. Akwai waɗanda aka ƙara wa wa'adi, kamar farfesoshin jami'a da manyan alƙalai, kuma a 2022 aka yi dokar da ta kai malaman makaranta shekara 65 ko 40 a bakin aiki. Amma dai kowa da ranarsa a rubuce. Wani ma ranar takan zo masa ba sanarwa, kamar yadda ta faru a 1975, sa'ad da gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta sallami ma'aikata fiye da 10,000, waɗansu a rediyo suka ji labarin saukarsu.

Abin lura ga Musulmi shi ne, wannan shekara 60 da hukuma ta yanke, addini ma ya yi magana a kanta. Imamu Buhari ya ruwaito hadisin da ke nuna cewa wanda Allah Ya ja wa kwana har ya kai shekara 60, to hanzarinsa ya ƙare. Imamu Tirmizi kuma ya ruwaito wanda ke nuna cewa yawancin mutanen wannan al'umma tsakanin 60 da 70 suke komawa ga Allah. Sa'an nan kada mu manta, shekarar wata ta gaza ta rana da kwana 11 ko kusa da haka, saboda haka mai shekara 60 a lissafin Boko ya kusa cika 62 a lissafin Hijira. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana da 63 ya yi wafati.

Watau ke nan, ranar da Gwamnati ta ce maka ka je ka huta, ita ce ranar da ya kamata ka san cewa ba ka da sauran abin da za ka kare kanka da shi. A da kana cewa ofis ne ya hana ka zama gaban malami, ofis ne ya hana ka sada zumunci, ofis ne ya hana ka sallar jam'i. Yanzu ofis ya sake ka. Ƙarshen Suratul Inshirahi umurni ne ga wanda ya gama wani aiki da ya miƙe ga wani, ya maida kwaɗayinsa ga Ubangijinsa. Haka kuma hadisin Ibn Abbas ya gargaɗe mu cewa lafiya da sararin lokaci ni'imomi ne da mutane da yawa suke tafka hasara a cikinsu. Mai ritaya da sauran ƙarfinsa ya haɗa biyun nan a hannu ɗaya.

Mu yi ɗan lissafi. Ma'aikaci yana ba hukuma sa'a 8 a yini, kwana 5 a mako, watau kusan sa'a 2,000 a shekara. Duk wannan ya dawo aljihunsa. Ayoyin Alƙur'ani sun haura 6,200. Wanda ya lazimci hardace aya 3 kullum, kafin shekara 6 ya haɗa. Wanda kuwa harda ta yi masa nauyi, sai ya gyara tilawa, ya bi littattafan da muka gada daga Ahalari da Ishmawi zuwa Iziyya da Risala. Gemu ba ya hana ilmi.

ABIN DA MAGABATA SUKA YI

Ba mu rasa abin koyi ba a wannan ƙasa. Bayan an ci Alƙalawa a 1808, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya koma Sifawa, kuma a 1812 ya raba sha'anin mulki tsakanin ƙanensa Malam Abdullahi da ɗansa Muhammadu Bello. Shekarunsa a lokacin kusan 58. Da hannunsa ya miƙa mulki ga waɗanda ya horar, ba wanda ya tsige shi. Sai ya duƙufa ga karantarwa da wallafa littattafai har Allah Ya karɓi ransa a Sakkwato a 1817.

Shi kuwa Malam Abdullahi, labarinsa ya fi kusa da mu. Wajen 1807 ransa ya ɓaci da ganin yadda son duniya ya soma shiga cikin jama'a, sai ya bar komai ya kama hanyar gabas da nufin ƙasa mai tsarki. Da ya iso Kano mutanen gari suka riƙe shi, suka roƙe shi ya koya musu yadda ake tafiyar da hukunci. A garin nan ya rubuta musu Liya'ul Hukkami, ya kuma karanta musu tafsiri, daga baya ya koma gida. Darasin a fili yake: wanda Allah Ya ba sani, ko ya gaji, ko ransa ya ɓaci, jama'a suna da haƙƙi a kansa.

A zamaninmu ma mun gani. Shaihu Abubakar Mahmud Gumi, bayan ya ajiye aikin alƙalanci, bai daina tafsiri a Masallacin Sultan Bello na Kaduna ba har rasuwarsa a 1992. Shaihu Nasiru Kabara, wanda ya yi aiki a Makarantar Shari'a ta Shahuci nan kusa da mu, ya ci gaba da karantarwa a Kabara har 1996. Kowannensu ya bar wa Hausawa fassarar Alƙur'ani. Malaman nan biyu sun saɓa a mas'aloli da yawa, amma sun haɗu a kan abu ɗaya: ba wanda ya yi ritaya daga hidimar addini. Ta fuskar sha'anin jama'a kuwa, ga ɗan unguwarmu Alhaji Tanko Yakasai, wanda ya taso yana ɗinki, ya yi gwagwarmayar NEPU, ya zama kwamishina a gwamnatin Audu Bako, ya kuma ba Shugaba Shehu Shagari shawara. Da ya manyanta ya zauna ya rubuta tarihin rayuwarsa. Dattawa nawa ne a lungunan nan suka shiga kabari da tarihin gari a ƙirjinsu, ba wanda ya rubuta ko shafi ɗaya?

MAGANAR KUƊI

Wani zai ce, "Malam, duk mun ji, amma ciki da yunwa ba ya karatu." Gaskiya ne. Saboda haka wajibi ne a yi maganar guzuri.

A 2004 Gwamnatin Tarayya ta kawo tsarin fansho na tara-da-kanka, aka gyara dokar a 2014, inda ake cire kashi 8 cikin ɗari daga albashin ma'aikaci, wanda ya ɗauke shi aiki ya ƙara kashi 10. Jihar Kano ta kafa nata asusun a 2006. A 2021 kuma hukumar fansho ta ƙasa ta buɗe wani asusu da ake juya kuɗinsa ba da riba ba, watau ba da kuɗin ruwa ba. Ma'aikata Musulmi da yawa da ke ƙarƙashin wannan tsari ba su taɓa tambaya a kansa ba. Lalle ya kamata mutum ya san inda ake juya kuɗin da zai ci a tsufansa.

Ranar da garatuti ya shigo hannu, ranar ce Shaiɗan ya fi kusa. Mutumin da bai taɓa riƙe dunƙulallen kuɗi ba, sai ga masu shawara sun yi masa caa. Wannan ya ce ƙara aure, wancan ya ce ga wani kamfani da ke ninka kuɗi cikin wata guda. Mun ga yadda MMM ta rufe da kuɗin mutane a Disamban 2016, mun kuma ga CBEX a Afrilun 2025. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Duk cinikin da aka yi maka alkawarin riba tabbatacciya ba hasara, ka tsaya ka tambayi malamai da masana kafin ka miƙa gumin shekara 35.

Tsarin da shari'a ta nuna shi ne a soma da biyan bashi, sa'an nan a tanadi ci da sha da matsugunin iyali. Bayan haka, wanda bai sauke farali ba, in abin da ya rage ya isa, ya nemi kujerar Makka. Wanda zai ba ɗan kasuwa jari a bisa ƙiradi, watau mai kuɗi ya ba da kuɗi, mai sana'a ya juya, a raba riba bisa kason da aka amince, to a rubuta, a kafa shaidu, ko da ƙanensa ne uwa ɗaya uba ɗaya. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a ƙarshen Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Game da zakka kuwa, a mazhabarmu ta Malikiyya irin wannan kuɗi ana soma ƙirga masa shekara ne daga ranar da ya shigo hannu, in ya kai nisabi.

Akwai wata cuta da ba zan wuce ban ambata ba, ita ce rage shekaru. Mutum ya je ya yi rantsuwa a kan ƙarya domin ya ƙara shekara uku ko biyar a kujera. Wannan ya haɗa zunubi biyu: shaidar zur, da tare wa na baya hanya, alhali ga 'ya'yanmu sun gama karatu suna yawo da takardu. Albashin da aka ci da ƙarya ba ya albarka. Haka kuma wanda ya ce bari ya ɗebi dukiyar jama'a don tsoron gobe, ya sani akwai wata goben da ta fi wannan tsawo.

Su ma hukumomi da masu kamfanoni su ji tsoron Allah. Fansho haƙƙin mai shi ne, guminsa ne da aka ajiye masa. Annabi ya kira jinkirin mai hali wajen biyan abin da ke kansa zalunci. Alƙali Abu Yusufa ya kawo a Kitabul Haraji cewa Sayyidina Umar ya ga wani tsoho Bayahude yana bara, sai ya yanka masa abin da zai ci daga baitulmali, domin bai ga adalci ba a ci moriyar mutum yana da ƙarfi a yar da shi da ya tsufa. In haka aka yi wa wanda ba Musulmi ba, yaya za a bar dattijon da ya yi wa ƙasa bauta yana tsaye a rana a layin tantancewa, ko iyalansa su yi shekaru suna bin haƙƙin mamaci? Musamman tun da aka janye tallafin man fetur a 2023, kuɗin da a da yake sayen buhun hatsi ya koma sai 'yan kwanoni.

UNGUWA TANA JIRA

Yanzu mu komo gida. Ka zaga cikin birni ka ga irin aikin da ke kwance ba mai yi. Gidajen gado sun shekara 20 ba a raba ba, har jikoki sun daina gaisawa. Magudanan ruwa sun toshe, an cike kududdufai an yi gini, damina na zuwa gidajen ƙasa su riƙa zubewa. Samari sun faɗa shaye-shaye da daba da ƙwacen waya. Aure yana mutuwa a kan abin da dattijo ɗaya zai kashe cikin rabin sa'a. Ga kuma magidanta da ba su iya karanta takardar asibiti ba.

Su wa za su yi wannan aiki? Ɗan kasuwa yana rumfa tun safe har Magariba. Saurayi ba a jin maganarsa. Amma a kowane lungu akwai tsohon alƙali ko magatakardan kotu da ya san rabon gado, da tsohon ma'aikacin safiyo da ya san iyakar fili, da tsohon malamin asibiti da zai iya auna hawan jini a zaure, da tsohon hedimasta da zai tara yara bayan La'asar. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. A 1980 gwamnatin Alhaji Abubakar Rimi ta kafa hukumar ilmin manya, har Kano ta sami lambar yabo ta duniya a kan yaƙi da jahilci. Abin da ake bukata a irin wannan aiki bai wuce tabarma da allo da mutum mai haƙuri ba. Iyayenmu mata da suka ajiye aikin koyarwa ko na jinya, su ma ga tafarkin Nana Asma'u, wadda ta riƙa tura dattijai mata ƙauyuka suna karantar da 'yan'uwansu.

Sai dai a shiga da ladabi. Unguwa tana da mai unguwa da limamai, kuma ba ofis ba ce da za a riƙa ba da umurni. Wanda ya shekara 35 yana fita da safe ya dawo da dare, bai halarci suna ba, bai raka gawa ba, kada ya zaci ranar da ya sauka jama'a za su shimfiɗa masa buzu. Tun ran gini ran zane. Tun yau, kana kan kujera, ka soma tsayawa a gaisa bayan salla.

KU MA 'YAN KASUWA

Ɗan kasuwa zai ce wannan magana ba tasa ba ce, tun da ba mai ba shi takardar sallama. Alhaji, taka sallamar gwiwa ce da ido za su kawo ta. Sau nawa muka ga rumfa mai albarka a Kwari ko Sabon Gari ta watse shekara guda bayan rasuwar mai ita, saboda lissafi duk a kansa yake, ba a san wanda yake bi ba, ba a san mai binsa ba? Alhaji Alhassan Ɗantata, kafin rasuwarsa a 1955, ya horar da 'ya'yansa a kan ciniki, ya kuma yi musu wasiyya da su haɗa kai, shi ya sa gidan ya ɗore bayansa. Ka jawo ɗanka ko yaronka amintacce tun kana iya tsawatarwa, ka rubuta bashi, ka fitar da zakka da lissafi, ka kuma tsayar da wani abu na wakafi, ko rijiya, ko aji ɗaya a Islamiyya. Hadisin da Imamu Muslim ya ruwaito ya sanar da mu cewa sadaka mai gudana, da ilmi mai amfani, da ɗa nagari mai addu'a su ne ke bin mutum bayan aikinsa ya yanke.

Ni dai ga abin da na ƙudurta, na kuma rubuta shi a nan domin jama'a su zama shaida a kaina. In Allah Ya kai ni ranar, zan share zauren gidanmu in shimfiɗa tabarmi, in buɗe darasin Risala da na rabon gado tsakanin hantsi da Azahar, domin dattawan da suka ajiye aiki, ba ko kwabo. Na riga na je na gaya wa maƙwabcin nan nawa mai babbar riga. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Malam, don me za mu jira sai ka sauka? Ranar Asabar fa?" Mun soma makon jiya, mu huɗu.

Allah Ya sa ƙarshen rayuwarmu ya fi farkonta kyau, Ya ba waɗanda ke jiran haƙƙinsu mafita, Ya jiƙan magabatanmu, Ya sa mu cika da imani. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.